Bakin Wayar da Bai Shiga Ba

Da sunan Allah nake fara wannan bayani, kuma saboda masu jinya nake yinsa, musamman waɗanda aka sa wa nasu batirin zuciya, abin da mu a nan Kwatano muke kira pil. Da wani ya zaunar da ni ya gaya mini abin da zan gaya muku, wataƙila da labarin gidanmu ya zo daban.

Sunana Zulai. A Zongo aka haife ni, a Zongo na yi aure, albasa nake sayarwa a kasuwar Dantokpa. Maigidana, Malam Idi, direba ne. Ya yi shekaru yana jan babbar mota a wani kamfanin gwamnati da ke kwasar kaya daga tashar jirgin ruwa zuwa arewa. Lokacin juyin juya hali yana da ƙarfinsa, kowa kamarad ne, daga mai shara har darakta. Wata rana yana ɗaure tanti a kan kaya sai ya faɗo. Likitoci suka ce zuciyarsa ce take tsayawa ta huta, sannan ta tuna ta ci gaba. A shekarun nan kamfani yana da hali, aka sa shi a jirgi zuwa Faransa. Wannan alheri ne, ban manta ba, kuma ba zan ɓoye shi don abin da ya biyo baya ba.

Ya dawo da tabo a saman ƙirjinsa na hagu. Ya yi mini bayani yadda aka yi masa: pil yana ƙarƙashin fata, wata siririyar waya ta bi jijiya ta shiga cikin zuciya, ɗaya bakin wayar kuma an cusa shi a ramin pil an ɗaure da ɗan noti. Idan pil ya ƙare, a tsaga fata a canza shi. Waya kuwa ba a taɓa ta, domin nama yana kama ta, ta zama ta jiki. Iyakar abin da aka gaya masa ke nan. Ba wanda ya ce masa bakin wayar nan iri-iri ne, kowane kamfani da nasa.

Muka samu shekaru masu daɗi. Ya bar doguwar tafiya ya koma jan ƙaramar mota a cikin gari, muka aurar da babbar 'yarmu Rabi, ya ga jikoki. Lokaci-lokaci nakan raka shi asibiti a duba pil ɗin wurin Likita Dosu, wanda shi kaɗai ne ya san wannan aiki. A bencin ƙofarsa muka saba da wata mata 'yar Godome, Madam Selestin. Kifi mai ƙyafi take sayarwa, ita ma da pil a ƙirjinta, nata a Abijan aka sa mata bayan haihuwar autanta. Kirista ce, ba ta kai ni shekaru ba, mai yawan dariya. Ni da ita muna haɗa Faransancin kasuwa da yaren Fon da ɗan Hausar da ta tsinta wurin masu albasa, mu yi hira har layi ya zo kanmu. Takan ce da Malam, “Mu 'yan gida ɗaya ne, ni da kai da rediyo.” Shi kuma ya yi dariya har ya riƙe ƙirji.

Ciwon ya dawo a hankali, a shekarun da komai na ƙasar ya fara lalacewa. Abin da na fara lura da shi, tsakanin gidanmu da masallaci sai ya tsaya ya dafa bango, alhali tafiyar ba ta kai a kira ta tafiya ba. Na tambaye shi, ya ce gaisawa yake da mutane. Sannan ya fara daɗewa a sujada, in ya ɗago sai ya zauna shiru idonsa a rufe. Ƙafafu suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Hannunsa sanyi ƙalau ko da rana ta take. Ranar da ya zube a tsakar gida da buta a hannu, na daina sauraron “ba komai” ɗinsa, na tare zemijan, wato ɗan acaba, muka bi shi a baya zuwa asibiti, shi yana cikin taksi da maƙwabci.

Likita Dosu ya ɗora masa na'ura a ƙirji, ya daɗe yana kallon takardar da take fitarwa. Ya ce, “Madam, pil ya gaji. Bai mutu ba, amma yana hanya. Sabo ake bukata.”

Na ce, “To a mayar da shi Faransa.”

Ya dube ni kamar na yi masa ba'a. Kamfanin da ya kai Malam an rufe shi tuntuni, motocin ma an sayar. Duk da haka na bi ofisoshi. Wannan tebur ya tura ni wancan, wancan ya ce mai sa hannu ya tafi taron jam'iyya. Kowa da fara'arsa, kowa “ki dawo, kamarad”. Wani magatakarda mai tsoron Allah ne ya ja ni gefe ya ce in daina kashe takalmina, ma'aikata ma ba a biya su albashi ba, balle a sa tsohon direba a jirgi.

A gida kuwa kowa ya zama likita. Tafarnuwa da zuma, saiwa daga Malanbil, rubutu safe da yamma. Wata tsohuwa a layinmu ta rantse mini cewa in aka sa batirin tocila sabo a ƙarƙashin matashinsa, na jikinsa zai sha wuta daga nan. Na sa. Ba na jin kunyar faɗa, domin mai jinya ba abin da ba ya sawa.

Ana cikin haka Likita Dosu ya aiko a kira mu. Wani Bature, malaminsa na can, ya zo na ɗan lokaci, ya kawo pil kaɗan kyauta. Likita bai ɓoye mana ba: ba sababbi ba ne. A jikin waɗanda suka mutu a can aka cire su, da sauran ƙarfi mai yawa, aka wanke aka tsarkake. Ya ce ya ware ɗaya domin Malam, saboda nasa ya fi na kowa rauni. Ya ce mu zo cikin makon nan, tun Baturen yana nan.

Na fito asibiti ina hamdala. Da yamma Malam ya ce sai ya shaida wa yayansa.

Alhaji Mamman shi ya riƙe Malam tun rasuwar mahaifinsu, shi ya koya masa tuƙi, shi ya biya sadakina. Dillalin shanu ne, mutum mai kyauta, amma in ya kafe ba a tanƙwara shi. Ya zo ya zauna a kan tabarma, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, “Ƙarfen da ya kwana a ƙirjin gawa, gawar ma ba mu san ko ta wane ne ba, shi za a sa wa ɗan'uwana ya riƙa salla da shi?”

Na ce daga bakin ƙofa, “Yaya Alhaji, wanda ke jikinsa yanzu ma ai ba a Makka aka ƙera shi ba.”

“Zulai, ba da ke nake ba.”

Na dubi Malam. Kansa yana ƙasa, yana jan zaren tabarma.

Washegari na je da kaina wurin limamin unguwa. Bai ko buɗe littafi ba ya ce ceton rai ne, ƙarfe kuma ba nama ba ne, a je a sa. Na kawo wannan magana gida. Alhaji ya ce liman yaro ne, shi sai ya ji daga bakin malaminsa da ke Jugu, kuma ya riga ya aika. Na ce da Malam, “Ƙirjinka ne ko na Yaya?” Ya ce, “Ki yi haƙuri, kwana nawa ne.” Ɗan aiken ya tarar malamin ya yi tafiya, ya zauna jiransa. Mako ya wuce, wani ya bi bayansa. Da amsa ta iso, abin da liman ya faɗa shi malamin ya faɗa, har da faɗan me ya sa aka tsaya tambaya. Amma Bature ya riga ya koma ƙasarsu.

Likita Dosu ya ce ba komai, pil yana nan a ajiye, aikin kuma ƙarami ne, shi ma ya iya. Ya tambaye mu ko muna da wani bayani daga asibitin Faransa game da wayar. Ba mu da shi, komai yana hannun kamfanin da ya mutu. Ya yi hoton ƙirji, ya duba, ya ce da alama za ta yi.

Ranar aikin ba a sa Malam barci ba, wurin kawai aka kashe. Shi ya ba ni labarin abin da ya ji daga baya. Ya ce da farko likita yana ta hira da ma'aikatansa, har yana tsokanarsa. Ya ji an zaro tsohon pil, ya ji an kwance notin. Sai hira ta ɗauke. Ya riƙa jin ƙarar ƙarfe yana taɓa ƙarfe, a dakata, a sake. Idonsa ya fara duhu domin zuciyar ba ta da mai tura ta. Sai ya ji likita ya ce da sauri, “A mayar da tsohon.”

Ni ina waje tare da Rabi da Alhaji. Likita ya fito, ya cire abin rufe bakinsa, bai zauna ba. Ya zaro biro daga aljihunsa, ya karɓi wani siriri daga hannun wata ma'aikaciya, ya cire murfin siririn ya yi ƙoƙarin rufe nasa mai kauri da shi. Bai shiga ba.

Ya ce, “Kin gani, Madam? Bakin wayar mijinki mai kauri ne, na tsohon yayi. Ramin wannan pil siriri ne. Kamfaninsu ba ɗaya ba.”

Na ce, “A fere bakin mana.”

“In na fere, ruwan jiki zai shiga, wutar ta zube. Zan kashe shi da hannuna.”

“To a sa masa sabuwar waya.”

“Ba ni da waya. Ita ba a cire ta daga jikin mamaci. Ko da ina da ita, injin da nake kallon zuciya da shi in tura ta ya lalace, ba a gyara ba.”

“Yanzu me ya rage?”

Ya ce, “Adaptatar.” Kalmar nan har gobe tana kunnena. Wani ɗan mahaɗi ne, bai kai ɗan yatsa tsawo ba, gefe ɗaya ya karɓi baki mai kauri, ɗaya gefen ya shiga rami siriri.

Na tambaye shi ina ake samu. Ya ce malaminsa yakan yi yawo da su iri-iri a cikin akwatin aikinsa. Na ce, “Wato da mun zo yana nan...” Na juya na dubi Alhaji. Ya cire hularsa ya mayar, ya tashi ya fita.

Aka kwantar da Malam a ɗakin maza, an tsaga shi an ɗinke a kan abin da ya shigo da shi. Makonnin da suka biyo baya ba na so ko maƙiyina ya gan su. Yajin aiki ya kama gari, malaman makaranta sun ajiye alli, ma'aikatan asibiti rabi sun zo rabi ba su zo ba, kuma ban ga laifinsu ba, mutum ba ya aiki da yunwa. Komai sai ka saya a waje: auduga, safar hannu, allura, ruwan wanke ciwo. Ɗan abin da Malam ya tara yana banki, bankin kuma ya rufe ƙofa da mutane a tsaye a rana. Na sayar da albasar da ke rumfata a kan asara, na bi da zannuwan aurena. Ciwon ya yi ruwa, ya fara wari. Wata majo, shugabar masu jinya, 'yar Paraku, ita ta riƙa zuwa ko ranar da ba aikinta, ta wanke ta matse ta ɗaure, tana yi masa hira da Hausa don ya manta zafi. Ko sisi ba ta taɓa karɓa ba. Allah ya saka mata, ya jiƙan iyayenta.

Adaptatar kuwa na neme shi kamar mahaukaciya. Likita ya zana mini siffarsa ya rubuta sunansa. Babu farmasin, wato shagon magani, da ban shiga ba a Kwatano. Wasu su karanta su girgiza kai, wasu su ce in gwada masu gyaran rediyo. Ƙanena ya je Lome, ya je Legas, ya dawo hannu biyu. A ƙarshe Alhaji ne ya samo hanya. Tun ranar aikin bai yarda mun haɗa ido ba, yakan zo ya zauna a gefen gadon ƙanensa ya tafi. Ashe ya sayar da bijimi, ya sami wani abokinsa mai sayo atamfa da zai tafi Faransa, ya haɗa shi da Likita Dosu, likita ya buga wa malaminsa waya. Aka ce mu jira dawowar mutumin. Na gode wa Alhaji a kan wannan. Wancan jinkirin da ya jawo kuwa ban yafe ba tukuna, Allah yana gani.

Muna cikin jira aka kawo Madam Selestin ranga-ranga. Nata pil ɗin bai yi gargaɗi irin na Malam ba, ɗaukewa ya riƙa yi. Na leƙa ta a ɗakin mata, na tarar leɓenta ya yi baƙi, tana magana ta tsaya a tsakiyar kalma idonta ya juye, sannan ta dawo. Yaranta ƙanana suna tsaye a bakin taga. Na riƙe hannunta na yi mata addu'a da zuciya ɗaya. Ban kawo komai a raina ba.

Kwana biyu bayan haka, daren da na kwana a gida, na iso da safe da kwanon kunu. A baranda na ga dangin Selestin sun cika wuri, fuskokinsu a sake. Mijinta, wani dogon mutum mai aikin kafinta, yana hango ni ya taho da sauri ya durƙusa a gabana a kan siminti, ya kama gefen zanena. Yana kuka yana cewa, “Mama, mun gode. Allah ya biya ku, ke da Papa. Ta farka, ta sha ruwa.”

Na ce, “Madalla. Amma godiyar me?”

Ya ɗago ya dube ni. A fuskarsa na gane, domin na ga lokacin da ya gane ban sani ba.

Ban san yadda na isa gadon Malam ba. Yana kishingiɗe yana jan carbi. Na ajiye kwanon a ƙasa.

“Malam, ina pil ɗinka?”

Ya ce, “Zauna, Zulai.”

“Ba zan zauna ba. Ina yake?”

“Jiya bayan kin tafi likita ya zo. Ya ce matar nan ba za ta kai jibi ba. Ya ce wayarta siririya ce, daidai da ramin. Ya ce ba zai taɓa shi ba sai na yarda, tunda da sunana aka ajiye.”

“Sai ka yarda.”

“Abu yana kwance a cikin kabad. Ni bai shige ni ba, ita zai shige ta. In riƙe shi in yi me da shi?”

“Adaptatar yana hanya.”

“Tun yaushe yake hanya? Kin ga yaranta. Autan bai kai jikanmu ba.”

Na ce, “Ni fa? Ni da nake kwana a kan kwali a ƙarƙashin gadon nan, an tambaye ni? Da aka ce kada a sa, Yaya ka tambaya. Da aka ce a bayar, kai kaɗai ka yanke. Ni wanki da dahuwa ne nawa.”

Ya ce, “Da na tambaye ki me za ki ce?”

“A'a zan ce.”

“Shi ya sa.”

Na ɗauki kwanon na zuba masa kunu, na ba shi a baki kamar kullum, domin hannunsa ba ya riƙe cokali sosai.

Na sami Likita Dosu a ofishinsa. Na ce masa ya jira na bar asibiti sannan ya je wurin marar lafiya, ya san halin Malam, ya san ba zai iya cewa a'a ba. Bai musa ba. Ya ce, “Madam, ina da mutum biyu da pil ɗaya. Ɗaya zai shiga yau, ɗaya ban san ranar ba. Ke da kina wurina me za ki yi?” Na ce ni ba a wurinsa nake ba, a wurina nake. Ya yi alkawarin malaminsa zai aiko da wani pil, ko ya zo da shi da kansa. Na san ba ƙarya yake yi ba, abin da yake fata ne ya faɗa.

A makon da ya biyo abokin Alhaji ya sauka. Alhaji da kansa ya kawo mini ɗan ƙunshin, a cikin leda mai kauri a liƙe. Na ɗaga shi a haske. Ɗan farin abu ne mai kan ƙarfe, in ya faɗi a cikin shinkafa sai an tona. Saboda rashin wannan aka tsaga mijina a banza, saboda shi na zaga gari, saboda shi aka sayar da bijimi. Ga shi a tafin hannuna, babu abin da za a haɗa shi da shi. Na tambayi likita ko Selestin za ta iya kaiwa wannan rana da an jira. Ya ce a'a. Shi ya san aikinsa. Ni dai ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba.

Pil na biyu bai zo ba. Gari ya ƙara rikicewa, Baturen ya ɗage zuwansa, ya sake ɗagewa. Da ciwon ƙirji ya kame, likita ya ce zaman asibiti ba ya ƙara wa Malam komai sai sauro, mu koma gida, in kaya sun iso zai aiko. Muka koma Zongo.

Daga nan sai raguwa. Ya daina zuwa masallaci, ya koma salla a zaune, sannan a kishingiɗe. Ba ya iya kwanciya sosai, numfashi ya hana, sai na jera masa matasai a bango. Yakan ɗauke na ɗan lokaci, jiki ya saki, sannan ya dawo ya tambaye ni me muke cewa. Na yi masa duk abin da mace take yi wa mijinta, wanka, juyi, shafa mai a ƙafafun da suka fara tsagewa. Amma hirarmu ta ragu. Mutanen unguwa suka ji abin da ya yi, suka riƙa shigowa suna sa masa albarka, liman ma ya ambace shi a wa'azi. Ni ina kicin ina jin su.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne. Na fito da shi ƙofar ɗaki ya sha iska, ina gefe ina tsince albasar da ta fara tsiro. Yana riƙe da kofin kunu da hannu biyu. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, “Zulai, har yanzu fushi kike?”

Na ce, “Har yanzu.”

Ya yi murmushi. “To ki yi fushinki, amma ki ƙara mini sukari.”

Na tashi na shiga ɗaki. Da na fito kofin yana ƙasa, kunu yana bin siminti, kansa ya karkata a kan bango. Na jira ya dawo kamar yadda ya saba. Na kira shi, na girgiza shi, na jira. Bai dawo ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mutane suna tambayata ko na yi nadamar amsar da na ba shi. Ban yi ba. Ban taɓa yi masa ƙarya ba tun da aka kai ni gidansa, shi ma ya sani, shi ya sa ya yi murmushi.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe ba shi da yawa. In an sa wa naka pil, kada ka bar asibitin sai an gaya maka irin bakin wayar da sunan masu yin ta, ka riƙe a wurinka, kada ka bar wa wurin aiki. Kafin a tsaga shi don canji, ka tambayi likita ido da ido ko ya tabbata sabon zai shiga, in bai tabbata ba ko yana da mahaɗi a kusa. In aka ce ku zo makon nan, ku je makon nan, mai fatawa ya same ku a can. Kuma ku likitoci, wadda take kwana a ƙarƙashin gado ita ma mutum ce, ku jira ta zo.

Likita Dosu ya zo gaisuwa, ya zauna cikin maza, ba ya jin addu'ar amma ya ɗaga hannu tare da kowa. Na aika masa da adaptatar ɗin ta hannun Rabi, na ce ya ajiye, wani zai zo da baki mai kauri.

Ranar sadakar bakwai Madam Selestin ta zo. An riƙo ta, amma da ƙafarta ta shigo, ta yafa baƙin mayafi irin namu da ban san inda ta aro ba. Matan da ke ɗakin suka buɗa mata hanya, domin kowa ya san ko ita wace ce. Ta durƙusa a gabana. Ta buɗe baki, Faransanci bai zo ba, Hausa ba ta zo ba. Sai ta kama hannuna ta ɗora a saman ƙirjinta, ta danne da nata biyu. Na ji taurinsa a ƙarƙashin fata, na ji tabon ɗinkin ma. A ƙasa da shi zuciyarta tana bugawa daidai, ba sauri ba tsayawa.

Na ce, “Allah ya ƙara miki lafiya, ya raya miki yaranki.”

Ɗaki ya amsa da amin. Wata dattijuwa a bayana ta ce Zulai ta yi halin manya. Na bari Selestin ta saki hannun don kanta, sannan na ja shi na mayar cikin mayafina. Na ce da Rabi ta zuba wa baƙuwa abinci, ta zuba mata da nama.